A Baya Aka Harbe Shi

Tambaya ɗaya aka yi wa Kofur a gadon asibitin soja. Ya ba da amsa daidai, aka rubuta ba daidai ba. Magatakarda ne ya tsaya a kansa ya ce, "A ina aka harbe ka?" Shi kuma yana kwance rub da ciki, ya ce, "A baya." Gadon bayansa yake nufi. Magatakardan ya juya maganar zuwa harshen gwamnati, ya rubuta cewa a baya ya samu rauni, wato can sansani wurin masu dafa abinci da masu wanki, ba a bakin daga ba. Da wannan takarda aka sallame shi. Da aka zo raba lambar yabo ta waɗanda suka ga wuta, aka kira na damansa, aka kira na hagunsa, aka tsallake shi.

Ni mai walda ne. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakin Kofur, in ya yi tari ina ji. Karatuna bai kai ya kawo ba, saboda haka ba don in karanta masa komai yake jana ofis ba. Kunnensa ne ya yi nauyi, ni kuma muryata ba a cewa in maimaita.

Da aka ce an kafa kwamitin gyara takardun tsofaffin sojoji, ya sa 'yarsa ta goge masa riga har tana ƙyalli. Muka hau bene, muka zauna a benci tun safe, sai da rana ta take aka kira mu. Wani Manjo ne a ciki, yaro ne, bai kai sa'an 'yar Kofur ba. Kofur ya ƙame a gaban teburi.

"Baba, zauna mana."

"Ranka ya daɗe, Kofur ba ya zama a gaban Manjo."

"To Manjo ya ce ka zauna."

Ya zauna a bakin kujera. Manjo ya warware takardar a hankali, don duk inda aka ninke ta ya tsage an liƙe.

"Nan an ce a baya ka samu rauni."

"Ƙwarai kuwa."

"To ai ka ji, Baba. Lambar ta 'yan gaba ce."

Kofur ya miƙe, ya ɓalle maɓallan rigar nan da aka sha wahalar gogewa, ya tuɓe ta, ya juya. Tabon yana nan dab da ƙashin baya, ya lotsa kamar an danna babban yatsa a ɗanyen siminti.

"Ga bayan, ranka ya daɗe."

Na ga lokacin da maganar ta faɗa wa Manjo. Dariya ta taso masa, ya haɗiye ta, ya dubi takardar, ya sake duban tabon.

"Na gane, Baba. Wallahi na gane. Sa rigarka. Amma ganewata ba hujja ba ce, mu biyar ne a kwamitin."

Kofur ya zaro hoton asibiti daga leda, wanda ke nuna harsashin har yanzu yana ciki. Manjo ya ɗaga shi wajen taga.

"Hoton ya nuna ƙarfe, bai nuna na wa ba ne. Wani yana goge bindiga a sansani ta tashi ta same ka, shi ma haka zai fito."

"Harsashin abokan gaba da namu ba iri ɗaya ba ne."

"Haka ne. To ka kawo mana wanda ya ga abin da idonsa. In babu, sai dai in shi harsashin ne zai fito ya yi magana."

Da murmushi ya faɗa. Ni na ji ta a matsayin wasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai da ka ga tabo da idonka, sai an kawo maka wani makaho ya rantse?"

"Kai wane ne nasa?"

"Maƙwabci."

"To maƙwabci, ka taimaka masa ya nemo shaida."

Shaida ɗaya ya rage a duniya, Dogo mai riƙe rediyon rundunarsu. Shi aka harba a cinya a bakin wani rafi, kowa ya ja da baya, Kofur ya koma ya kama wuyan rigarsa yana ja. Mai jan mutum kuwa dole ya ba wa wuta baya. Nan abokan gaba suka sami Kofur. Kuma shi Dogon ne, bayan shekaru, da aka gano abin da takarda ta ce, ya laƙaba masa suna A-Baya a wurin taron tsofaffin sojoji. Wasa ne irin na waɗanda suka sha wuya tare. Kofur ya yi dariya tare da su sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya daina zuwa taron.

Na ɗauke shi a babur muka je gidan ɗan Dogo. Surukar Dogo ta shigar da mu, ta ce kada mu sa rai, jiya ma bai gane ɗansa ba. Yana zaune a kujerar roba a inuwar bango, an ɗaura masa tawul a wuya. Doguwar ƙafar nan duk ta zama kara.

Kofur ya durƙusa a gabansa. Dogo ya daɗe yana kallonsa, can sai fuskarsa ta washe.

"A-Baya."

"Ni ne, Dogo. Ka gane ni ke nan."

"A-Baya," ya sake cewa, yana ƙyaƙyata dariya babu haƙori.

"Dogo, saurara. Wa ya ja ka daga bakin rafi?"

"An kawo ruwa?"

"Rafi, Dogo. Ranar da suka fasa maka cinya. Wa ya dawo?"

Dogo ya dubi surukarsa, ya dube ni, ya dubi kajin da ke tsakar gida. Sai ya kama hannun Kofur ya rungume a ƙirji, ya ƙi saki. Kofur ya bar masa hannun. Da ɗaya hannun ya ja tawul ya share masa yawu a gefen baki. Mun fi awa a haka.

Na dawo da Kofur har ƙofar shagona. Yana sauka ya ce, "Duk abin da ke kansa ya zube. Sunan kaɗai ya riƙe."

Bayan kwana biyu ina tsakiyar haɗa ƙyauren wani, sai ga shi ya ja bencina ya zauna. Ya jira na kashe inji.

"Maƙeri." Haka yake kirana in yana son ya ɓata min rai. "In ƙarfe ya shekara arba'in a cikin nama, ana gane irinsa?"

Na ɗaga gilashin fuskata na dube shi. "Kofur, kada ka fara."

"Tambaya na yi."

"Ni ma amsa na ba ka. Yaron nan wasa yake yi."

"Manjo ba ya wasa a ofis."

"Lambar nan fa kwano ce. In ita kake so, ga kwano nan, in yanka maka, in yi mata fenti, in huda ta ka rataya. Ba wanda zai bambanta a layin nan."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ɗauki guntun rodi yana juyawa a hannu.

"Ba kwanon nake bi ba. Ni zan tafi, takarda za ta zauna. Duk wanda ya buɗe ta bayan raina zai tarar da ni a gindin tukunya ranar da ake mutuwa."

"Masu tukunyar ma mutane ne. Da ba su dafa ba da uban me za ku yi yaƙin?"

"Mutane ne. Amma ba can nake ba."

Ya je wurin likita shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Gaskiya ne harsashin yana damunsa in sanyi ya shigo, amma abin da ya faɗa wa likita ya ninka gaskiyar sau goma. Likita ya ce abin yana jingine da lakar baya, zuciyarsa kuma ta tsufa, a bar kaza cikin gashinta. Kofur ya koma, ya sake komawa, har likita ya gaji ya ce in dai za a yi, sai wani nasa na jini ya zo ya ji bayani da kunnensa ya sa hannu.

Na jininsa kuwa mutum ɗaya ce, 'yar nan tasa. Malama muke ce mata, tana koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar bayan kasuwa. Tun rasuwar uwarta ita ke riƙe da gidan. Shi kuma Uwata yake kiranta.

Ta bangon nan na ji yadda suka kwashe. Ban kasa kunne ba, bangon ne ba shi da kauri.

"Baba, wa ya ce ka gudu? Nuna min shi in je in same shi."

"Takarda."

"Takarda ce ke kwana da mu a gidan nan? Ita ke dafa maka ruwan wanka?"

"Uwata, hannu kawai za ki sa."

"In sa hannu a yanka ka? Ka shekara arba'in da shi bai kashe ka ba."

"Ke kika san bai kashe ni ba."

Daga ranar ya juya fuska bango. Ta kawo abinci, ta dawo ta tarar da shi yadda ta ajiye. Ta gaishe shi, ya amsa wa bango. Ni da kaina na shiga na ce masa wannan ba halin soja ba ne, halin ɗan yaye ne. Na ce tsoho da furfura yana yi wa 'yarsa yajin cin abinci, ko kunya. Ya ce in ja masa ƙofa in na fita.

Ta zo shagona wata rana da ta taso daga makaranta, da alli a yatsunta. Ta tsaya nesa da tartsatsi har na gama.

"Yaya, me zan yi?"

"Kada ki sa hannun."

"In ban sa ba yunwa za ta kashe shi, yana fushi da ni."

"Ba ya mutuwa. Yunwa ta fi shi taurin kai."

"Kai ka san shi, ni ma na san shi." Ta dubi yatsunta, ta murza allin a gefen zane. "Jiya na ji yana magana shi kaɗai. Tambayar yake yi wa kansa, yana amsawa. A ina aka harbe ka. A gadon bayana. A ina aka harbe ka. A bakin rafi. Yana ta gwada yadda ya kamata ya ce."

Na ɗauki guduma na bugi abin da ba ya bukatar bugu.

Da ni aka je ranar da ta haƙura za ta sa hannun. Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce yana iya tashi lafiya, yana iya rasa ƙafafu, yana iya tafiya a kan teburin. Ya ce shi da mahaifinsa ne ba zai yarda ba. Kofur yana zaune a gefe, ya miƙe wuya kamar ana fareti. Likita ya tura mata takarda, ya yi 'yar alama a ƙasa inda za ta sa hannu. Ta dubi ubanta. Bai dube ta ba. Ta rubuta sunanta da kyakkyawan rubutun nan nata, kowane harafi a tsaye.

A hanyar gida ya sa muka tsaya ya sayi lemo. Ya ɓare da kansa, ya miƙa mata rabi. Ta karɓa ta riƙe har gida.

Aikin ya ɗauki yini. Muna zaune a barandar asibiti, ita tana jan carbi, ni ina kallon wata ƙofar ƙarfe da aka yi wa walda ta ganganci. Da la'asar wata nas ta fito da 'yar kwalbar magani, ta ce likita ya ce a ba mu. Abu ne baƙi a ciki, bai kai kan ɗan yatsana ba, hancinsa ya lanƙwashe. Na girgiza kwalbar ya yi ƙara. Abin da ya hana gidan nan barci ke nan.

Washegari ya farfaɗo. An kwantar da shi a gefe, an tokare shi da matasai. Bai tambayi ruwa ba, bai tambayi 'yarsa ba.

"Ina yake?"

Malama ta sa masa kwalbar a hannu. Ya kai ta dab da ido, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Nasu ne," ya ce. "Maƙeri, zo ka gani. Dubi tsawonsa. Namu gajere ne, mai ƙiba. Wannan nasu ne."

"Na gani."

"Ba ka ga komai ba, kai da ba ka san harsashi da ƙusa ba."

Rabon da in ji dariyarsa har na manta. Malama ma ta yi murmushi, ta juya tana gyara kwanukan da ke kan loka.

Can ya ce, "Uwata, ja min bargo a ƙafa, ko an rufe?"

A lokacin hannuna yana kan ƙafarsa. Tun shigowata nake riƙe da ita, ina matsa masa yatsu. Na ƙara matsawa da ƙarfi, irin matsin da nake yi wa filaya. Yana ta kallon kwalbarsa. Na ɗaga kai, muka haɗa ido da Malama. Ta zo ta ja bargon ta rufe ƙafar har da hannuna.

"An rufe, Baba."

Ƙafafun ba su dawo ba. Ya gane da kansa kafin likita ya faɗa, bai kuma yi ƙorafi ba, sai cewa ya yi in haɗa masa keke mai ƙarfi, ba irin na asibiti mai kukan ƙyaure ba. Na ce sai ya biya kuɗin ƙarfe. Ya ce in rubuta a bayansa, akwai fili.

Na fara haɗa keken. Ban gama ba zazzaɓi ya shiga, daga nan ƙirji ya cika. Kullum in na rufe shago na je, sai in tarar ya ƙara shigewa cikin katifa. Kwalbar tana ƙarƙashin matashinsa, in nas za ta canza zanen gado sai an yi rigima.

Ranar ƙarshe da hantsi ne. Masu shara suna goge ƙasa, mai gadon kusa yana sauraron rediyo. Kofur ya laluba ya ciro kwalbar ya tura wa 'yarsa.

"Ki kai wa Manjo."

"Ka tashi ka kai da kanka. Ni ba 'yar aikenka ba ce."

"Ki ce masa ya fito. Ya yi maganar."

"Baba, ka sha ruwa."

Ya kurɓa kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Maƙeri, juya ni, na gaji da bangon nan." Muka kama shi ni da ita, muka juya shi ya fuskanci taga. Babu komai a wajen sai igiyar shanya da wata bishiya. Yana kallonsu numfashin ya yi ta raguwa. Malama tana riƙe da kofin, ba ta ajiye ba sai da nas ta zo ta karɓe shi daga hannunta.

Da aka share makoki muka hau benen nan ni da ita. Manjo ya gane ni, ya yi fara'a.

"Maƙwabci. Ina Baba? An samo shaidar?"

Malama ta ajiye kwalbar a kan teburinsa, da takardar likita. Ya karanta, ya dubi kwalbar, ya dubi mayafinta. Nan ya gane.

"Ni ban ce a yi..."

"Ba ka ce ba," in ji ta.

Ina da magana a bakina, mai zafi, tun daga gida nake tauna ta. Da na ga yaron ya tashi tsaye ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai na haɗiye. Ba ta da amfani.

Aka kai harsashin wurin masu sanin makamai. Aka yi ta jira har na gama keken, na rasa yadda zan yi da shi, na kai wa surukar Dogo. Sannan aka aiko mu koma.

Su biyar ɗin duk suna nan a wannan karon, sun miƙe da muka shiga. Babbansu ya ce an tabbatar harsashin na abokan gaba ne. Ya karanta sabuwar takardar da ƙarfi, ya fassara mana: an ji masa rauni a bakin daga, yana ceton ɗan'uwansa soja. Layi ɗaya ne. Aka buɗe wani ɗan akwati, ga lambar a kwance a kan jan ƙyalle. Kwano ce, kamar yadda na faɗa, sai dai an yi mata aiki mai kyau.

Manjo ya turo wani littafi gaban Malama, ya yi 'yar alama a ƙasa.

"Nan za ki sa hannu, kin karɓa."

Ta ɗauki biro. Ta kai shi kan layin ta tsaya. Fanka tana juyawa a sama, gefen takardar yana ɗagawa yana komawa. Da wannan hannun ta rubuta sunanta a takardar asibiti, yau ya ƙi tafiya. Ba wanda ya ce mata ta yi sauri.

Sai ta mayar da biron hannun hagu. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi yana hawa kan harafi, a karkace, kamar na yaran da take koya wa. Ta ajiye biron, ta cusa hannun daman cikin mayafi.

Ni na ɗauko akwatin da takardar. Muka sauko benen, tana gaba ina biye, ba ta kama ƙarfen matakala ba har ƙasa.